Cokali Biyar

"Tatso!"

Lami ce ta faɗa, tana miƙo min ƙoƙo. Na kalli ƙoƙon, na kalli Inna Hajo, uwar mijina, tana zaune a kan tabarma ta juya min gefen fuska. Yaron yana cinyarta, yana wani siririn kuka da ko tsakar gidan ba ya cikawa.

"Inna..." na ce.

Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Lami ta ce:

"A ce mata ta tatso."

Ko gyalen makaranta ban cire ba, alli duk a yatsuna. Na juya musu baya na tatsa. Ɗan abin da ya fito da ƙyar ya rufe gindin ƙoƙon.

Lami ta tsuguna a jikin bango ta kamo tururuwa ta jefa ciki. Haka tsofaffi suke gwada nonon mai goyo: in tururuwa ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau, in ta mutu a ciki, an ce ya lalace. Ni da na yi shekara biyar a kwalejin horon malamai a Kano, ni da nake koya wa yara lissafi da tsabta, wallahi sai ga ni ina roƙon Allah Ya fitar da tururuwa.

Ta yi juyi ɗaya.

Ta yi na biyu.

Ta tsaya cak.

"Innalillahi!" Lami ta dafe ƙirji. "Inna, kin gani ko? Ai na faɗa! Nonon da ya wuni a rana yana tafasa a jiki, ina zai yi wa yaro amfani?"

Inna ta gyara wa yaron kwanciya, ta yi magana da iska kamar yadda ta saba.

"A aika wa Bappa ya zo."

Sunana Baiwa, 'yar cikin garin Gaya ce ni, kuma a shekarar saba'in da bakwai ni kaɗai ce malama mace a makarantarmu. Mijina Tukur malamin gona ne, Bafulatanin Gafasa ta ƙasar Ajingi. A lambun makaranta muka haɗu, ya zo nuna wa yara shukar gyaɗa a layi. Ya nuna sau ɗaya, ya dawo ya sake nunawa, har yara suka fara cewa malamin gona ya ɗauke su daƙiƙai ne. Danginsa ba su so auren ba. Sun ce 'yar boko ba ta zama a ɗaki, ga Lami 'yar ƙanwar Inna tana nan a gida. Tukur bai yi musu da kowa ba, amma bai janye ba, har suka gaji suka kawo goro.

Da na haihu, hutun wata uku aka ba ni. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, don haka Inna ta bar shanunta da ƙorenta ta taho Gaya riƙon jika. Ta taho da Lami, wadda aurenta ya mutu, ba ta kuma daɗe da yaye 'yarta ba.

Ungozomar asibiti ce ta tsara min komai. In ba shi nono da safe kafin in fita, a ba shi madarar gwangwani a bulunboti sau biyu kafin in dawo, daga nan kuma nono har washegari. Ta nuna min ɗan cokalin da ke cikin gwangwanin. Cokali biyar a shafe, tafasasshen ruwa zuwa layi na biyar. Tukur ya hau babur ya je Kano ya sayo gwangwani huɗu, aka shigar da su ɗakin Inna.

To, ga inda matsalar take. Tukur ɗan fari ne. Tunda Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana ido da ido, shi ma daga bakin ƙofa yake gaishe ta kansa a ƙasa. Ni kuwa matar ɗan fari ce, yaron nan kuma nawa ɗan farin ne. Ban isa in kira sunansa a gaban mutane ba, ban isa in nuna na damu da shi ba, balle in tsaya ina koya wa surukata damun madara. Matar da ta yi shekara arba'in tana sayar da nono a kasuwar Ajingi!

Sai na kira Lami na nuna mata. Sau uku na nuna mata.

"Biyar, Lami. Ki gaya wa Inna, biyar."

"Na ji, Malama. Ai ba a ajinki nake ba."

Sati biyu da komawata aiki yaron ya fara sauyawa. Cinyoyin da ke naɗe-naɗe suka saki. Cikinsa kullum a cike tam, amma kuka ba ya yankewa. Lami ta ce nonon rana ne, aka hana ni ba shi in na dawo, sai na tatse na zubar na jira la'asar. Kafin la'asar an ɗura masa bulunboti, in na sa shi a ƙirji sai ya kawar da kai. Aka ƙara bulunboti ya zama huɗu. Nonona ya fara janyewa, yaro yana ta ramewa, ni kuma ina wucewa ta gabansa da fuskar ko-in-kula, saboda kunya. In na shiga ɗaki sai in cusa gyale a baki in yi kuka.

Sati biyar ke nan ranar da aka jefa tururuwa.

Washegari da hantsi Bappa ya iso, ƙanin mahaifin Tukur, wanda maganarsa ce magana tun rasuwar tsohon. Ranar Asabar ce, ina gida. Daga bayan labule na ji hukuncin.

"Ranar Talata za a tafi da yaron Gafasa. Lami ta ce nononta bai ƙafe ba, za ta shayar da shi. Uwarsa ta ci gaba da bokonta, ba mu hana ta ba. In an yaye shi, a ga abin da Allah zai yi."

Na jira in ji muryar Tukur.

"To, Bappa," ya ce.

To, Bappa! Shi ke nan abin da mijina ya iya faɗa.

Da ya shigo ɗaki bayan azahar, ban ɗago ba. Ya tsuguna a gabana.

"Baiwata..."

"Kada ka kira ni."

"Ki saurare ni, hasken idona."

"Na saurare ka ɗazu, Malam. Kalma biyu ka yi, duk na ji su."

"Ya kike so in yi? Yaron nan ƙarewa yake yi a gabanmu. In nonon Lami zai tashe shi..."

"Nonon Lami!" Na miƙe tsaye. "Ba ka ga abin da ake shiryawa ba? Yaro yana Gafasa a bayanta, kai kuma duk Juma'a kana kan babur za ka gano shi. Ita za ta kawo maka ruwa, ita za ta miƙo maka ɗanka. Ni ina nan ina rungume da allo!"

"Wallahi ko mata ɗari aka jera min..."

"Ba rantsuwa nake so ba. Magana nake so ka yi wa Inna."

Ya sunkuyar da kai. Na ga yadda wuyansa ya yi, kamar an ɗora masa buhun gyaɗa.

"Shekarata talatin da biyu, Baiwa. Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba."

"To in ajiye aikin?"

Ya ɗago da sauri.

"A'a. Yara mata goma sha tara iyayensu suka kawo don sun ga mace a aji. Kin ajiye, sun kwashe su. Kuma ko kin ajiye, sun riga sun ce nonon ya lalace."

"Kai ma ka yarda ya lalace?"

Ya yi shiru.

Shirun nan ya fi hukuncin Bappa yi min ciwo. Na juya masa baya, ya daɗe a tsugune kafin ya fita.

Ranar Litinin na je makaranta kamar wadda aka kora. Ina rubuta lissafi a allo aka kaɗa ƙararrawar tara, sai na ji ƙirjina ya ɗaure, rigata ta jiƙe. Na ja gyale na rufe. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malama, kuka kike yi?" Na ce alli ne ya shiga min ido. A raina kuwa lissafi ɗaya nake yi: gobe war haka yana cikin motar kasuwa, a hannun wata. To in ya isa Gafasa bai tashi ba fa? In aka aiko min da saƙo kawai?

Talata da sassafe na aika wa hedimasta cewa ba ni da lafiya. Ba ƙarya na yi ba.

Aka fito da kaya tsakar gida. Bappa yana zaune a kan kujera yana jan carbi. Lami har ta goya yaron, ta ɗaure shi da sabon zanen da Tukur ya saya min na suna. Ina tsaye a ƙofar madafa ina wanke kwanon da na riga na wanke sau biyu.

Tukur ya tsaya nesa da ƙofar Inna, kansa a ƙasa, ya ce wa Lami:

"Ki tambayi Inna ko in je kanti in nemo madara a tafi da ita, kafin nonon ya kama. Na san wadda na kawo ta ƙare tuni."

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta amsa, har da ɗan alfahari.

"A ce masa kada ya wahalar da kansa. Guda uku ko buɗe su ba a yi ba. Na farkon ma da saura."

Kwanon ya suɓuce daga hannuna.

Guda uku? Sati biyar ana ba yaro bulunboti, har sau huɗu a rana, a ce gwangwanin farko da saura? Ai da tuni huɗun sun ƙare an sayo wasu!

Ban san lokacin da na tsallake kayan ba. Ɗakin da ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba na faɗa ciki. Ga su nan a jere a kan ƙoren Inna, uku, a rufe, suna ƙyalli. Na rungumo su na fito na zube a gabanta.

"Inna, cokali nawa kike zubawa?"

Ta zaro ido. Ta juya wajen Lami.

"A tambaye ta..."

"Ni nake tambayarki, Inna! Ni! Cokali nawa?"

Inna ta kalle ni, karo na farko tun da aka kawo ni gidan nan.

"Ɗaya," ta ce. "An ce min abin Turawa ne, ƙarfi gare shi. Da ruwan ya yi fari shi ke nan."

Na juya kan Lami.

"Nawa na ce miki?"

"Ni... na manta, Malama. Ai na ce a zuba a dama..."

"Ruwa kuke ba shi!" Muryata har waje. "Sati biyar ruwa kuke ɗura masa, kun hana shi nonona, kun ce ni na lalace! Yunwa ce take cin sa! Kwanto min shi! Kwanto min Bubayero! Ɗana ne, ni na haife shi!"

Bappa ya miƙe, carbin ya faɗi.

"Subhanallahi! A gaban surukarki kike kiran sunan ɗan fari? Tukur, ka ji abin da boko ya koya wa matarka? Lami, wuce mu tafi, mota ba za ta jira mu ba."

Lami ta ɗaga ƙafa.

"Ba inda za a kai shi, Bappa."

Sai da na waiwaya don in tabbatar. Tukur ne. Ya tsaya a bakin zaure ya tare hanya.

"Ka yi haƙuri, Bappa. A ba ni minti biyar, in ya so ka yanke abin da ka ga dama."

Ya shiga madafa ya ɗauko butar ruwan da Inna ta tafasa da safe, da ƙoƙo biyu, da bulunboti, da gwangwanin farko. Ya zo har gaban mahaifiyarsa ya durƙusa, gwiwarsa tana taɓa tabarmarta. Inna ta ja baya ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Inna," ya ce, "ni ne. Yau ba zan aiko kowa ba. Aike ne ya kusa kashe mana yaro."

Ya auna ruwa da bulunboti zuwa layi na biyar, ya zuba a ƙoƙon farko, ya sa cokali ɗaya ya dama. Ya sake aunawa ya zuba a na biyu. Ya ɗago ya kalle ni.

"Malama, ki ƙirga min."

"Ɗaya," na ce, hawaye yana shiga min baki. "Biyu... uku... huɗu... biyar."

Ya dama, ya tura mata ƙoƙon biyu.

"Ban san komai a kan nono ba, Inna. Duk ƙasar Ajingi ba wanda ya fi ki sani. Ki duba da kanki."

Can ta miƙa hannu ta tsoma yatsa a na farko, ta ɗago, ruwan ya zurare daga farcenta bai bar komai ba. Ta tsoma a na biyu, farin ya kama farcen ya zauna. Ta ɗanɗana wannan, ta ɗanɗana wancan.

"Shekara arba'in," ta ce a hankali. "Shekara arba'in ina kai nono kasuwa, ko ranar da shanu suka ƙi, ban taɓa zuba masa ruwa na sayar wa baƙo ba..."

Ta kalli yaron a bayan Lami.

"Sai jikana na tsinka wa."

Ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa zaton Bafulatana za ta yi a gaban ɗanta ba. Ta miƙe da kanta ta kwance goyon daga bayan Lami, ta zo ta ɗora min shi a hannu.

"Ba shi," ta ce min. "Yanzu. A nan."

"Inna, tururuwa fa?" in ji Lami da 'yar ƙaramar murya.

"Rufe min baki! Ke ma in aka jefa ki a rijiya ba fitowa za ki yi ba."

Na zauna a ƙasa a gaban kowa na sa shi a ƙirji. Bai riga ya sha bulunbotin safe ba. Ya laluba, ya saki, ya sake laluba. Sai ya kama. Na ji jan har cikin bayana.

Bappa ya ɗauki carbinsa ya kaɗe. Bai ce a tafi ba, bai ce a zauna ba. Ya dai ce wa Lami ta ɗauko ƙullin kayanta, ita kaɗai ta bi shi motar kasuwa. Ko mantuwa Lami ta yi da zancen cokali biyar ɗin ko da gangan ne, har yau ban sani ba, Allah ne masani. Ni dai na daɗe ban yafe ba.

A ranar muka kai shi asibiti, ni da Inna a ƙafa, Tukur yana tura babur a bayanmu. Ungozoma ta ɗora shi a sikeli ta yi ta faɗa, ta ce da an ƙara sati biyu da labari ya sha bamban. Ta ce in riƙa ba shi nono duk lokacin da ya nema, babu wani nonon rana, yawan tsotso shi zai dawo da ruwan. Madara kuma sai lokacin da ba na nan. Ta ɗauko cokali za ta nuna wa Inna, Inna ta ce ta bari, ta ɗaga mata yatsu biyar.

Ban samu natsuwa nan da nan ba. Kullum in na dawo sai na matsa cinyarsa in ji ko ta ƙaru. Inna ta dage min da kunun kanwa har na fara gudunsa. Sai a sati na uku sikeli ya motsa yadda ungozoma ta yi murmushi.

Da la'asar ɗin ranar Tukur ya same ni ina ninke kayan yaron.

"Har yanzu ana fushi da ɗan Fillo?"

"Ana yi."

"Na yi shiru ranar da kika tambaye ni, Baiwata. Wannan shirun zai daɗe yana damuna. Ki yafe min."

"Da ka bari an tafi da shi fa?"

"Da na bi motar a ƙafa."

"Ƙarya kake, Malam."

"To da na bi ta a babur."

Na yi ƙoƙarin haɗe rai, dariya ta ƙwace min. Ya riƙe hannuna da rigar yaron a ciki, ban janye ba.

Inna ce ta ƙirƙiro sauran tsarin, ba wanda ya sa ta. Da an kaɗa ƙararrawar tara, in na leƙa ta taga, sai in hango ta a gindin darbejiyar bayan makaranta da goyo. In fita in ba shi nono, in koma aji, ita kuma ta koma gida ta dama masa na azahar. Bulunboti ya dawo ɗaya a rana.

Wata Laraba ina zaune a gindin bishiyar yana sha, yana dukan ƙirjina da hannun da ya fara yin naɗi, sai ga Tukur a babur zai wuce gonar gwaji. Ya hango mahaifiyarsa, ya rage gudu, ya sunkuyar da kai zai wuce kamar yadda ya saba.

Inna ta juyo gare ni.

"Ki ce wa mijinki..."

Ta tsaya. Ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ta ɗaga kai.

"Kai, Tukur!"

Babur ya mutu a tsakiyar hanya.

Ya sauke ƙafa ɗaya, ya juyo a hankali, bakinsa a buɗe, idonsa ya ciko. Ya kalli Inna, ya kalle ni, kamar yana tambayata ko ni ma na ji.

"Na'am, Inna?"

"Madarar yaron nan ta kusa ƙarewa. Ka sayo wata."